Gonar jigawa ta gaji, taki ya yi tsada: ta ina za a fara?

Ɗan Gezawa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya ce a kan gonar jigawa, hekta ɗaya, wadda aka daɗe ana gero da dawa a cikinta ba hutu. Ƙuduji ya cinye gefe guda, ƙasar ta yi fari fat, buhun taki kuma kowa ya san kuɗinsa. Ana ta maganar farfaɗo da ƙasa, a rage taki, a rage feshi, a bar ƙwari masu amfani su yi aiki. Ta ina ake farawa, kuma yaushe mutum zai ga kuɗinsa? In lissafin bai fita ba, ai zance ne kawai.

Malamin Gona, Ringim: Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka cire maganar daina takin zamani daga ranka. Ƙasar rairayi irin ta Kano da Jigawa, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma tana da ƙarancin fosforas sosai. Duba lissafi: buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Busasshen kashin shanu tan ɗaya, wanda ya sha rana a fili, abin da ke cikinsa kusan kilo 10 ne, kuma ba duka zai saki a daminar farko ba. To wa yake da tan goma na zubawa duk shekara? Aikin takin gida daban ne: shi ke sa ƙasa ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe ɗan takin zamanin da ka sa, kada ruwan Agusta ya zarce da shi ƙasa. Haɗa su ake yi, kowanne kaɗan, a daidai gindin shuka.

Alhaji Mai Wake, Bichi: Malam ya yi gaskiya. Abin da ke kashe kuɗi shi ne watsi. Hanyar da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT suka yaɗa a Nijar ita ce giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane rami lokacin shuka, wato kusan cikin marfin kwalbar lemo. A tazarar mita ɗaya-ɗaya rami 10,000 ke cikin hekta, ka ga kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗoriya. Takin gida kuma cikin tafi biyu a rami, kamar giram 300, tan 3 ya isa hekta.

Malamin Gona, Ringim: A kula da tazarar, Alhaji. Mita ɗaya-ɗaya shukar mutanen can arewa da mu ce, inda ruwa bai da yawa. A Gezawa kunya ake yi, santimita 75 tsakanin kunya, 50 tsakanin rami, ramin zai haura 26,000. In ya sa giram 6 a kowanne, kilo 160 zai tafi, ya wuce buhu uku. Can giram 3 ya isa. Sannan kada takin ya taɓa iri: a sa shi gefe, kamar faɗin yatsa uku, a rufe. In ruwan shuka ya yi ƙaranci kuma takin na manne da ƙwayar, tsiron ƙonewa yake yi, mutum ya zargi mai sayar da iri. Yuriya kuma sai bayan firi, ƙasa na da danshi, a tona a binne. In aka bar ta a sarari, iska ke kwashe wani kaso nata.

Injiniya na Kadawa: Me zai hana ya haƙa tassa, ramukan nan na Burkina Faso da Tawa? Da su marigayi Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso, ya mayar da fako daji.

Baba na Gumel: A'a ɗana, ba gonarsa ba. Tassa ta fako ce, ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta bai shiga ba. Can sai a haƙa rami mai faɗin taƙi ɗaya da rabi, zurfin kusan taƙi, tun da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki, a jira ruwa. A rairayi kuwa ruwa ba ya gudu, nutsewa yake yi, kuma iskar bazara za ta cike ramin kafin damina ta faɗi. Wahalar banza ce. Abin da jigawa ke buƙata shi ne a tare iska a rufe mata fuska.

Ɗan Gezawa: Baba, a rufe da me? Kara kuɗi ne. Danga, girki, abincin dabbobi, duk shi ne. Wanda aka bari kuma dabbobin sake su cinye.

Mai Kiwo, Dambatta: Nan ne masu kawo tsarin ƙasashen waje suke tuntuɓe. A nan ba wanda zai bar harawar wake a gona ta ruɓe alhali a watan Afrilu tana neman kamo hatsi a daraja. Hanya mai fita ita ce a bi da ita ta cikin dabba. Tumaki su ci, a ɗaure su a turke, a shimfiɗa musu ragowar kara da ɓawon gyaɗa a ƙasa don su tsotse fitsari, domin kaso mai yawa na naitirojin a fitsarin yake, kuma shi ne ake asara. Duk sati biyu a kwashe a kai rami a inuwa. Wanda ya samu Fulani su yi masa mashekari, ya sa a riƙa matsar da garken bayan 'yan kwanaki, kada wuri ɗaya ya yi kitse sauran gona na yunwa.

Baba na Gumel: Kuma ba duk karan ake cewa a bari ba. In za a sare, a sare a tsayin gwiwa, kututturen ya tsaya da saiwarsa. Shi kaɗai yana tare yashi da ganyen da iska ke kawowa. A daina ƙone sassabe. Toka ana samu, amma abin da zai zama ƙasa ya tafi a hayaƙi.

Hajiya Mai Riɗi, Gagarawa: Ni gara nake tsoro, Baba. Duk inda aka tara busasshen abu sai ta zo.

Malamin Gona, Ringim: Hajiya, zuwanta ba duka ne sharri ba. A kan fako, in aka shimfiɗa kara, gara ce ke huda ƙasar daga ƙasa, ramukanta su zama hanyar ruwa, an gwada wannan a Burkina Faso. Ta fi faɗa wa shuka mai rai in fari ya kama shukar kuma babu busasshen abin ci a kusa, ko gyaɗar da aka yi jinkirin cirewa bayan ɗaukewar ruwa. A cire gyaɗa kan kari, kada kuma a jingina ciyawa da jikin dashe, a bar tazarar tafin hannu.

Maganar ramin taki. Faɗi mita ɗaya da rabi, zurfi kada ya wuce mita ɗaya. A fara da yankakken kara kaurin taƙi, a bi da kashin dabbobi rabin haka, a barbaɗa ƙasa, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika, a rufe da tsohon buhu ko ciyawa. A caka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku zuwa biyar a zaro: in da ɗumi da danshi, aiki na tafiya. In sanyi ƙalau kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In yana warin ruɓa yana yauƙi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen abu. Ana juyawa duk sati biyu zuwa uku, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ga ɗanyar ciyawa ga ruwan sama, ba sai an sayi ruwan jarka a watan Maris ba. Abu biyu a kiyaye: kada a cakuɗa toka mai yawa da ɗanyen kashin kaji, naitirojin ɗin ne ke tashi da warin nan mai hawa ka, kuma takin bola a tankaɗe shi, leda da batir da kwalba ba su da wurin zama a gona.

Injiniya na Kadawa: Mutanen Kura da Hadejia suna da ɓuntun shinkafa a banza. In aka turara shi ya zama gawayi, ba toka ba, yana daɗewa a rairayi yana riƙe danshi. Amma a fara cakuɗa shi da taki ya yi sati biyu ko uku. In aka zuba shi tsura, shi zai fara zuƙe abincin shukar, ganye ya yi ɗorawa.

Ɗan Gezawa: To ƙudujin fa?

Alhaji Mai Wake, Bichi: Ƙuduji shaidar gajiyar ƙasa ce da maimaita hatsi. Tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, kuma irin na iya wuce shekara 10 a ƙasa yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji abin da saiwar shuka ke fitarwa. Waken soya da gyaɗa da auduga suna tashinsa, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu. Don haka gefen da ya ci, a cire masa hatsi shekara biyu a jere, a sa gyaɗa ko waken soya irin TGx 1448-2E in ruwan wurin ya isa. Sauran gonar a bi tsarin da cibiyar binciken noma ta IITA ta gwada a nan Kano: kunya biyu hatsi, kunya huɗu wake, baɗi a sauya musu wuri. Wake na samun rana, ana kuma iya fesa shi shi kaɗai. Ƙudujin da ya fito a tuge shi da ya fara fure, kafin ya yi iri, a fitar da shi a ƙone. Kada a jefa shi ramin taki, kada a ba dabba. Shi ma wake yana da nasa ƙudujin daban, maganinsa iri mai juriya kamar SAMPEA 10.

Malamin Gona, Ringim: Ƙari kan wake da gyaɗa: ba sa tara naitirojin in babu fosforas. A ba su takin sufa, buhu biyu a hekta, lokacin huɗa. Bayan sati biyar ko shida a tono tushe ɗaya da saiwarsa, a fasa 'yan ƙululun da ke jiki da farce. In cikin ja-ja ne suna aiki, in fari ko kore ne babu abin da suke yi. Kuma a faɗi gaskiya, in aka kwashe ƙwaya aka kwashe harawa ƙaf, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Sai kashin dabbar da ta ci harawar ya dawo gonar.

Hajiya Mai Riɗi, Gagarawa: Mu dawo kan ƙwari, don nan kuɗi ke zurarewa. Akwai mai fesa wake duk sati tun yana ganye huɗu, kuma darɓa ba ta barinsa.

Malamin Gona, Ringim: Feshin ne ke riƙe ta, Hajiya. Darɓa ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, kuma ɗiyar cikin kusan sati ɗaya ta fara nata. Masu cin ta kuwa sai sun yi sati biyu zuwa uku daga ƙwai zuwa girma. Magunguna irin su lamda da sifametirin ba sa zaɓe. Ka kashe duka biyun, darɓar da ta tsira ta cika gona kafin maƙiyinta ya farfaɗo.

Ya kamata kowa ya san fuskar ma'aikatansa. Akwai ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja ko ruwan ɗorawa da ɗigo ko zanen baƙi, babba ɗaya na iya cin darɓa kusan 50 a rana. Tsutsarsa ce mutane ba su sani ba, baƙa mai ɗigon ruwan lemo, siffarta kamar ɗan kada, ana ganinta a cikin darɓa sai a ce ita ce ɓarnar. Ƙwansa rawaya ne, a tsaitsaye, a tare a bayan ganye. In ka ga darɓa ta kumbura ta bushe ta zama ruwan ƙasa, wata ƙaramar rina ce ta yi ƙwai a cikinta, kada a fesa wurin, 'ya'yanta na gab da fitowa. Zanzaro tsutsa yake kwasa ya cusa a ɗakinsa na laka. Rina ma tsutsa take kai wa 'ya'yanta. Ga gizo-gizo, ga ƙoƙi-ƙoƙi, ga ƙwaron nan mai almakashi a wutsiya da ke kwana a kunnen masara yana cin ƙwan tsutsa.

Alhaji Mai Wake, Bichi: Amma kada wani ya ji wannan ya ce wake ba ya son feshi, zai tashi da harawa zalla. Lokacin ne abin lura. Kafin fure, darɓar da ke kan 'yan tsirarun tushe a bar ta, ruwa mai ƙarfi ma na wanke ta. Feshi biyu zuwa uku ne masu biyan kuɗinsu: da fure ya fara ƙunsowa, da ya buɗe sosai, sai lokacin da kwanso ke cika in masu tsotso sun yi yawa. A girgiza fure a kan farar takarda da safe, in 'yan baƙaƙen ƙwarin nan sirara sun zubo da yawa, lokaci ya yi. Irin wake SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019 yana kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanso, amma ba ya hana masu tsotso, shi ma yana son feshi kamar biyu.

Hajiya Mai Riɗi, Gagarawa: Kuma don Allah a fesa da yamma liƙis, bayan ƙudan zuma sun koma. Furen wake da na riɗi da na kabewa da safe suke cika da su. Riɗi na ƙara 'ya'ya in zuma na ziyartarsa. Layin riɗi ko zoɓo ko zogale a iyakar gona yana ciyar da ƙananan rinar nan da ruwan fure, ga shi kuma kayan kasuwar Maigatari ne, ba a yi asarar ƙasa ba.

Ga haɗin darbejiya ga mai so: a tsince 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar. Giram 500 na dakakkiyar ƙwaya a lita 10 na ruwa, wato giram 800 ga famfon goyo mai lita 16. A jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle sau biyu don kada ta toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a ciki. A fesa ranar, kada a ajiye. Ba ta kashewa nan take, hana ci da girma take yi, rana kuma na kashe ƙarfinta, don haka a maimaita bayan sati. Ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta shekara a zube ba ta da wani ƙarfi.

Injiniya na Kadawa: Tumatir ya riga ya koya mana wannan. Da sharon, tsutsar nan mai cin tumatir, ta shigo a 2015 da 2016, feshi aka yi ta ninkawa, tsutsar kuma tana cikin ganye inda magani ba ya kaiwa, ta kuma saba da shi. Abin da ke rage ta: reno a ƙarƙashin raga, tarkon ƙamshin mace mai jawo mazan ƙwaron, a kan roba mai ruwa da ɗan sabulu don a san ranar da ta shigo, a sauya ƙamshin bayan sati huɗu zuwa shida, a kwashe tsohon tumatir a ƙone da an gama tsinka, kada a bi tumatir da tumatir. In za a sauya magani, a duba sinadarin da ke rubuce a jiki, kwalba biyu masu suna daban na iya zama abu ɗaya.

Masara ma haka, tun da tsutsar nan mai cin kunne ta bayyana a 2016. A ratsa gona a karkace, a tsaya wuri biyar, a duba tushe goma a kowanne. In masara na ƙarama kuma 10 cikin 50 na da sabon ci, a ɗau mataki. In ba su kai ba, a murƙushe ƙwai da hannu, a zuba yashi da toka a kunnen waɗanda suka kamu.

Baba na Gumel: Na gero kuma, tsutsar da ke zagaye zangarniya, feshi ba ya biya. A Maraɗi masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suna kiwon wata ƙaramar rina a 'yan jakunkunan algarara, a rataye kamar 15 a kewayen gari lokacin da gero ke fitar da kai, ita ke bin tsutsar. Aikin gari ne, ba na mutum ɗaya ba, don rinar ba ta san iyakar gona ba.

Mai Kiwo, Dambatta: A sa buzuzu a lissafi, shi ke binne kashin shanu. Allurar tsutsar ciki ta ibamektin na fita a cikin kashi ta kashe 'ya'yansa. Dabbar da aka yi wa, kashinta na makonnin farko a kai rami, kada a kai gona kai tsaye.

Ɗan Gezawa: Allah ya saka da alheri. Saura lissafin: yaushe riba?

Malamin Gona, Ringim: Kashi-kashi take zuwa. Ta daminar farko ita ce kuɗin da bai fita ba: taki buhu biyu maimakon huɗu ko biyar, feshi uku maimakon bakwai, ga harawa. Sai ajiya. Wake a buhun PICS mai ninki uku, a shanya shi har ya yi ƙaras a haƙori, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ba fiya-fiya ba ƙwaya, a kai Dawanau lokacin da kaka ta wuce. Ragowar irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Raguwar ƙuduji sai shekara ta biyu ko ta uku, in ba a bar shi ya zubar da iri ba. Duhun ƙasa da dawowar tana sun fi haka jinkiri, kuma a zafin nan namu taki na ƙonewa da wuri, in aka tsaya shekara biyu sai a koma baya. In takin gidan bai isa hekta ba, a raba gonar uku, a ƙosar da kashi ɗaya duk shekara. Ka riƙe littafi: abin da ka kashe da damin da ka ɗaure a kowane kashi.

Baba na Gumel: Kun bar itace. Sassaben zamani da aka fara a Maraɗi a shekarun 1980 ba dashe ba ne. Kututturen sabara da kalgo da magarya da ke tohowa duk shekara ana sarewa, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a aske na jikin har rabin tsayi, da kaifin gatari daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Cikin shekara uku ga itacen girki. Sabara a sassabe ta gab da shuka a baza ganyen a wurin. Gawo kuwa shi ne babba: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Darbejiya da turare a bar su a bakin iyaka.

Ɗan Gezawa: Baba, in gonar babu gawo ko ɗaya fa?

Baba na Gumel: Duba takin awaki da ka kai, sau da yawa yana fitowa a ciki, cikin akuya ya riga ya tausasa ɓawon. In ka ga tsiron lokacin firi, kafa masa sanda kada fartanya ta ɗauke shi. In shukawa za ka yi, ka ɗan kankare gefen ƙwayar a jikin dutse, ka jiƙa ta kwana ɗaya, ka shuka a inda zai zauna, don saiwarsa doguwa ce mai nutsawa, ba ya son daɗewa a leda. Tazara taku goma sha biyu ko fiye, don garmar shanu ta wuce. Da kaka ta yi ka kewaye shi da ƙayar magarya, shekara biyu zuwa uku, har kansa ya fi ƙarfin bakin akuya.